Takwas ko Sha Shida

Ranar Laraba ta sake sandarewa.
Babi na huɗu na aikin Lantana a buɗe,
hotuna talatin, jadawali, shafukan intanet tara,
kibiya ta koma zobe tana juyawa,
tana juyawa.
Yarinyar Poli tana duban agogo,
ni ina duban silin.

Na zare wayoyi, na rungume ta kamar majinyaci,
daga Tudun Wada sai Babbar Kasuwa,
shagon Bilya, hawa na biyu,
inda ƙaurin dalma ya fi ƙarfin fanka.

Ya kwance noti huɗu, ya leƙa, ya girgiza kai:
"Malam, giga huɗu kake wahalarwa shekara shida?"
Ya jera min ram biyu a kan tsohuwar jarida,
koraye, sirara, kamar gutsuren rula.
"Wannan takwas ce, amma akwai gudu.
Wannan sha shida, tafiyar dattawa.
Bambancin kuɗinsu bai wuce na shayi ba.
Ɗauki ɗaya, na ga aljihunka a fuskarka."

Raina ya tafi ga mai gudu.
Wa ke ƙin gudu?
Lambar jikinta ma ta fi tsawo,
ga wata riga ja da aka sa mata, tana sheƙi.

Bilya ya kurɓi ruwan leda.
"Babban allonka tsoho ne.
Ko barewa ka ɗaura masa, da takunsa za ta bi.
Ba ka ganin sabuwar mota a cunkoson Kawo?
Tana bayan tirela kamar kowa.
Yaron da ya zo jiya, mai wasan ƙwallo a kwamfuta,
wuri ya ishe shi, na ba shi gudu.
Kai me ke damunka?"

Ban amsa ba.
Inna Kyauta ce ta faɗo min a rai,
da wainarta a bakin layinmu na Unguwar Sanusi.
Tandarta gida biyar.
Ta tura itace, ta ƙara fifita,
gefe ya ƙone, ciki ɗanye,
mu kuwa muna tsaye da kwanuka har rana ta fito.
Shekarar da ta sayo mai gida goma sha biyu
wutar ita ce dai ta jiya,
hannun ma shi ne,
amma kafin ƙararrawar makaranta
kowa ya lashe yatsunsa.

Na ce, "Sa min dattijuwar."
Ya danna ta, ta yi ƙas,
ƙaramin sauti, na albashin sati uku.

Yanzu ina buɗe tagogi kamar gidan biki:
takardar Lantana, kasidar Tukur, katin suna,
rediyo yana magana a ƙarƙashinsu duka.
Ba ta tashi sama ba,
ba ta dai ƙara tsayawa tunani ba.
Wani lokaci da dare, in na rufe shago,
jar rigar nan tana gilma min,
ina cewa da ma.

Jiya Lantana ta zo karɓar aikinta.
Na laluba aljihu, na zazzage durowa,
filashinta yana can kan teburin Bilya
tun ranar Laraba.
Ta ce, "Malam, ita an ƙara mata.
Kai giga nawa ka rage?"