Zobe Biyu a Teburin Tukur

Tun azahar aka ɗauke wuta a Ɗorayi,
sai na kwashi takarduna zuwa fitilar Tukur mai shayi.
Saura kwana tara jarrabawa,
tambaya ta sha bakwai ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi:

Mutum ɗari biyu ne a wata unguwa,
kashi sittin cikin ɗari suna shan shayi,
kashi arba'in da biyar suna shan kunu,
kashi goma ba ruwansu da ko ɗaya.
Mutum nawa ke shan duka biyun?

Na tara sittin da arba'in da biyar da goma,
sai ga ɗari da sha biyar tana kallona.
Ina rarar ta fito?
Ɗari ai ɗari ce, ba akuya ba ce balle ta haihu.
Na goge, na sake, na goge,
har takarda ta huje.

Tukur yana fifita shayi daga kofi zuwa kofi,
igiya ja mai tururi, ko ɗigo ba ya zuba.
Ya ce, "Ɗan boko, karanto mu ji abin da ya hana ka shan naka."
Na karanta. Ya yi dariya har ya dafa gwangwanin madara.
"Ai Alhaji Sammani ka ƙirga sau biyu.
Da safe yana layin Hansatu mai kunu,
da daddare ga shi nan a bencina.
Ni in ce nawa ne, ita ta ce nata ne,
shi kuwa ciki ɗaya gare shi."

Na ɗaga kofina in kurɓa,
sai ga shatin gindinsa a kan leda,
zobe biyu jiƙaƙƙu, ɗaya ya shiga cikin ɗaya,
a tsakiyarsu wani ɗan fili kamar ƙwayar gurji.
Nan Alhaji yake zaune.

Na fitar da goman da ke waje, saura casa'in.
Masu shayi da masu kunu, ɗari da biyar.
Casa'in daga ɗari da biyar, sha biyar.
Sha biyar a kowace ɗari, ɗari kuwa biyu ce:
talatin.
Na leƙa bayan littafi da ido ɗaya.
Talatin!

Wani ɗan adaidaita ya juyo don ihun da na yi.

Sai kuma na yi shiru, na tuna ni ma a tsakiya nake.
Da safe sunana na littafin maigida a Kwari,
dilar atamfa a kaina,
da la'asar sunana na rajistar darasi a Kabuga.
Can a kira Nafi'u, nan a kira Nafi'u,
barci ɗaya nake raba musu.
Lurwanu kuwa, da muka zauna benci ɗaya shekara shida,
tun bara ya fita daga zoben biyu,
lambarsa ma ba ta shiga.

Tukur ya kawo tsumma ya share lissafina.
Ya ce, "To, malamin ƙirga,
kofi biyu da rabin burodi.
Wannan kuma ba a cire masa kashi goma."