Hannu a Bangon Kogo

Mun bar Abeshe bayan asuba,
ni da Bishara a kan babur guda,
jarkar fetur biyu ɗaure da robar taya,
ƙunshin dabino, butar shayi,
da fulogi uku a aljihun wandona,
don na san halin tsohon nan:
in ya yi fushi, ba ya jin lallashi.

Hantsi ya same mu a Wara.
Ba mai yi mana sannu da zuwa
sai ƙadangare a kan jan tubali,
yana gyaɗa kai kamar mai karɓar haraji.
Fadar da sarakuna suka kwana a ciki
yau sararin sama ne rufinta.
Bishara ya ce ba yaƙi ya tashe su ba,
rijiyoyi ne suka ƙafe.
Na jijjiga gorarmu kusa da kunne,
na mayar da murfi ban kurɓa ba.

Daga nan sai arewa.
A Biltin muka sha shayi mai ɗaci,
kafin Kalayit ƙaya ta sha tayar baya,
na yi faci sau biyu a inuwar aduwa.
Rairayi ya haɗiye mu har gindin inji,
mai babur ya koma mai turawa.
Salansa ta yi wa Bishara tambari a ƙwauri,
ya zagi babur, ya zagi wanda ya sayar mini,
sannan ya yi istigfari ya hau.

Kwana uku, ga duwatsun Enedi
tsaye kamar taron dattawa da ba a sallama ba.
Wani yaro mai kiwon raƙuma, Wardugu,
ba ya jin Hausa, Larabcinsa kaɗan,
ya nuna sama da sandarsa, muka bi.

Kogon sanyi gare shi kamar randa.
Da idona ya saba da duhu,
sai ga shanu!
Jajaye, masu ƙaho kamar jinjirin wata,
hantsarsu cike, maruƙa na bin su,
a ƙasar da yau akuya ke cin kwali.
Ga mata da kitso tsaye a jere,
ga mahaya, dawakinsu ba sa taɓa ƙasa.
Na ce, a nan suke bauta?
Wa suke kira in dare ya yi?
Bishara ya juya maganar cikin Larabci,
yaron ya ɗaga kafaɗa:
shi dai nan yake fakewa in rana ta take.

Can ƙasa, inda sai ka durƙusa,
wani ya bar hannunsa a bango.
Na ƙirga yatsun. Na sake ƙirgawa.
Manuninsa guntu ne, babu gaɓa ɗaya.
Nawa ma haka yake,
tun ranar da sarkar babur ta cinye shi
ina ɗan koyo a garejin Malam Tanimu.
Kai kuma me ya ci naka, ɗan'uwa?
Igiyar bijimi? Dutsen niƙa?
Ka yi kuka, ko ka ɓoye don ana kallo?

Na miƙa tafina, baƙi ƙirin da man inji,
Wardugu ya riƙe mini wuyan hannu.
Ya girgiza kai.
Muka gaisa da mai hannun ta cikin iska,
tazarar ɗan yatsa tsakaninmu.

Muka yi taimama a bakin kogo,
la'asar ta wuce da jam'in mutum uku.
Da za mu tafi babur ya ƙi tashi,
na sa fulogi na ƙarshe, ya yi tari, ya kama.
Na waiwaya neman sawun tayarmu na ɗazu,
iska ta riga ta share.
Bishara ya daki kafaɗata:
ja mu je, fetur ba ya jiran mai tunani.