Tsirkiyar Cindo

Gyaran rediyo ne sana'ata, a bakin Ƙofar Marusa.
Ina wuni da dalma, hancina cike da ƙaurin waya,
ina tayar da muryoyin da suka suma cikin akwati.
A kawo sifika tana tari kamar tsohuwar akuya,
in taɓa nan, in hura can, ta miƙe tana shewa.
Mai ita ya biya, ya tafi da murna,
ni kuwa in ce a raina: furar jiya ce wannan,
gardi sai wadda aka dama kana kallon mai damawa.

Ran Alhamis da la'asar nake jan ƙyauren shago,
in biya wurin masu bugu in karɓo 'yar shaddata.
Shekararta bakwai, wuyanta ya ga tela sau biyu,
amma in su Barmo suka shimfiɗe ta bisa gungume,
mabugi na tashi, mabugi na sauka,
to daga nan kiɗan ya fara.
Ƙafata kan riga kunnena ganewa.

Hular ba ta da tsada.
Karinta ne ba a samu a kasuwa:
hagu, yatsa biyu bisa kunne, kamar za ta faɗi ta fasa.
Tabawa ta ce, "Kai da za ka zaman tabarma cikin duhu,
wa zai tsaya dubawa?"
Na ce mai kukuma na duba,
ba ya ɓata izgarsa kan wanda ya zo kamar an koro shi daga barci.
Ta yi tsaki, ta miƙo min turaren da take ɓoyewa.

Rafindadi, bayan isha, ƙofar gidan Nadabo mahauci.
Ba wuta, ba janareta, aci-balbal ɗaya ta mai tsire.
Tunau ya matse kalangu a hammata yana yi mata raɗa,
Cindo ya goga ƙaro, ya kwantar da kai bisa kafaɗa.
Yatsansa na shida ba ya taɓa tsirkiya,
gefe yake tsayawa shi kaɗai yana rawa.

Ana tsakiyar daɗi, wani dattijo har ya tuɓe takalmi,
sai tas!
Tsirkiya ta tsinke.
Yaron da ya ɗaga waya tun ɗazu ya sauke hannu, ya kashe.
Kaico, yaro, ka tashi daidai lokacin da tuwo ke nuna.
Mun ji kitse na ɗiga a garwashi.
Mun ji wata uwa bayan katanga tana lallashi.
Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya ce a tafi.
Cindo ya cire hula, ya zaro izga daga cikinta,
ya kama bakin da haƙori, ya ce, "Wa zai haska?"
Ni na haska, hannuna na karkarwa.

Ja na farko ya fito da kaushi, kamar ƙofar da ta ga damina.
Na biyu ya ɗan russuna.
Na uku ya shige ni ta ƙeya ya sauka har tafin sawu.
Ya dube ni, ya saka ni cikin waƙar:
"Mai rediyo, ga tawa ta tashi ba dalma!"
Ɗari biyar ɗin cefanen gobe
ban san sadda ta hau goshinsa ba, sai gani na yi tana mannewa.

Na dawo shadda ta yamutse, tana ƙamshin ƙuli da hayaƙi.
Tabawa ta ce in rera mata abin da na jiyo.
Na buɗe baki, babu.
Ya zauna can inda aka yi shi, ya ƙi biyowa.

Da hantsi ga yaron jiya a shagona, wayarsa ta daina magana.
Na buɗe, na goge, na ɗaure, ta kama.
Ga Tunau, ga Cindo, ga tafin jama'a, komai ya ɗauka,
ban da wurin da tsirkiya ta tsinke
muka zauna mu arba'in muna jiran a ɗaura.
Na karɓi kuɗina, ban ce masa komai ba.
Alhamis dai tana dawowa.