Ulu a Ido

A Bradford, garin masaƙa,
Maureen Ackroyd ta shekara arba'in tana kaɗa ulu.
Ran Talata wani ya kira ta a waya,
murya sumul kamar man shanu a rana,
wai daga banki yake.

'Yar sanda ta zo, ta rubuta "fraud",
kalma mai kwat da takalmi, 'yar kotu,
ba ta zama a kicin a sha shayi da ita.
Maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce "scam",
gajera, kamar mai tofar da ƙayar kifi.

Jikanta Callum ya ce, Kaka, "con" ne,
gutsuren "confidence", wato yarda.
Yardarki ya fara karɓa
kafin ya taɓa kuɗin.
Ashe ɓarawon bai fasa ƙofa ba,
buɗe masa aka yi, har da sannu da zuwa.

Ta dubi hannayenta.
Ta ce, mu nan cewa muke
an ja maka ulu ya rufe ido.
Ni da na san ulu tun yana jikin tunkiya!

Nawa ya kwashe, Kaka?
Ɗan canji ne, in ji ta,
ta tura masa biskit.

Fam dubu huɗu ne, tanadin jana'izarta.
Wannan kuwa "white lie" suke ce mata,
farar ƙarya,
fara fat kamar wankakken ulu.
Ta ja ta a hankali
ta rufe idon yaron.