Ƙofar Mota

Shekara talatin Deraman na busar da taba
a rumfar bayan gida, nan Bachok, gab da teku.
Hayaƙi ya tare masa a ƙirji
kamar ɗan hayar da ba ya biya, ba ya tashi.
Da muka kai shi makwanci
rumfar ma ba ta ga wata damina ba.

Sai ga malamin gona a kan babur
da iri a leda, baƙi-baƙi kamar kashin ɓera.
Ya ce, Mek Esah, ki shuka rama.
Na ce, a wannan rairayin? Wa zai ci?
Ya ce, ba ci za a yi ba.

Wata huɗu, ta ninka ni tsawo.
Furenta fari-fari, da jan ido a tsaka,
ya buɗe da hantsi, kafin la'asar ya yi shiru.
Na sare, na ɗaure dami-dami,
na danne su a kwalbati da kututturen kwakwa.
Kwana goma sha biyu suna ruɓa.
Wari ya hana Kak Munah zuwa hira,
sai dai ta ɗaga min hannu daga nesa.

Tsaye cikin ruwa har gwiwa nake saɓe ɓawo,
ƙaiƙayi na cin damtse, tsutsa na lasar ƙafa.
In wanke, in shanya a kan shinge.
Idan iska ta taso daga teku
sai ka ce tsofaffi ne suka kwance furfura.
Babbar mota ta zo, sikeli ya faɗi tasa.
Karan ma ba su bari ba,
wai za a farfasa a shimfiɗa wa dawaki.
Ni dai na ɓoye tafi biyu,
na tufka igiyar akuya a kan cinyata.

Da Sallah Zulkepli ya zo da sabuwar mota.
Ya ƙwanƙwasa ƙofar daga ciki,
ya ce, Mak, ramarki ce a nan.
Muna cakuɗa ta da roba, inji ya matse da zafi,
ba nauyi, motar ba ta shan mai da yawa.
Na shafa. Sumul.
Na kai hanci, ko zan ji kwalbatin.
Babu. Ƙamshin kanti kawai.
Na ƙwanƙwasa ni ma, na kasa kunne,
jikokina suna ta ƙyalƙyala dariya.

Ranar komawa na loda masa kwakwa,
busasshen kifi, shinkafa rabin buhu,
har bayan motar ya ƙi rufuwa.
Ya danna, ya danna, gumi na zuba.
Na je na kwance akuya.
Na ɗaure murfin da kaina, ƙulli uku.

Motar ta hau kwalta,
bakin igiyar na reto a baya,
akuya kuma ta shige gonar Kak Munah.