Maroƙi Mai Batir

Jikana Jalmari ne ya aiko shi ta gidan waya,
baƙin abu, bai kai kwalin ashana biyu ba,
da kusa ɗaya ta ɗaurewa a gefen bindiga.
A takarda ya rubuta: "Kaka, gwada, za ka yi dariya."

Ran Asabar na tuƙa zuwa filin harbi bayan Kajaani.
Ƙanƙara ta fara saki, taɓo na riƙe taya.
Reijo mai tsaron fili na shan kofi a murfin fulas.
Ya dubi abin, ya dube ni, bai ce uffan ba.
Mu nan haka muke gaisawa.

Kusar ta yi gardama, na lallashe ta da bakin wuƙa.
Na toshe kunne, na kafa gwiwar hannu a benci.
Mita ɗari, farar takarda, baƙin ɗigo a tsakiya.
Na ja numfashi, na saki rabi,
na taɓa kunama.

Ƙarar ba ta gama dawowa daga daji ba
sai ga murya dab da kumatuna, har ta ratsa toshiya,
muryar saurayin da sanyi bai taɓa shiga ƙashinsa ba:
"Madalla! Gwani! Babu kamarka!"

Reijo ya ƙware da kofi.
Shekara ashirin ban ga dasashinsa ba sai yau.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.
Kafaɗa ta miƙe, wuya ya ƙara tsawo.
Tsoho ma yana da kunnen jin kirari.

A na biyu hannuna ya yi rawa.
Da idona na ga taɓo ya yi tsalle can gefen allo.
"Gwani! Babu kamarka!"
Na uku da gangan na aika shi cikin tudun yashi.
"Madalla!"
Da na dangwarar da bindigar a benci, ko harsashi babu,
ya sake rantsewa babu kamata.
Ashe girgiza kawai yake ji.
Ba shi da ido, baki ne zalla.

Shekara talatin da ɗaya Onerva na zama a damana,
da madubin hangen nesa mai tsagaggen ido guda.
"Hagu," za ta ce. "Ƙasa da yatsa biyu."
Ko kuma: "Aulis, kunama ce, ba haƙori kake cirewa ba."
In na huda tsakiya, shiru take yi,
ta karya baƙin burodi, ta miƙo mini babban ɓari.
Sau nawa ke nan? Ban ƙirga ba.
Na ɗauka burodin ba zai ƙare ba.

Na ƙara biyu, aka ɗaga tuta, na taka zuwa allo.
Mita ɗari ta yi tsawo bana.
Harbi biyar, huda biyu,
su ma a gefe, kamar baƙin da suka rasa kujera.
Na tsaya ina shafa su da babban yatsa.

Ban ji zuwan Reijo ba.
Ya sunkuya, ya leƙa, ya ja hanci.
"Hagu," ya ce.
Can ya ƙara: "Ƙasa kuma."
Na juya ina kallon itatuwa, na ce iska ce ta shiga idona.
Ya ce, "I, akwai iska."
Ko ganye ɗaya ba ya motsi.

Na kwance abin kafin in hau mota,
amma ban jefar ba.
Da yamma na ɗaure shi a ƙyauren kicin,
wanda sai an buga yake rufuwa.
Jalmari ya kira, na ce yana aiki.

Yanzu in na shigo da itace, na tura ƙofa da diddige,
sai ya ce babu kamata.
Nakan ce masa, "Maƙaryaci."
Sannan in ɗora ruwan kofi,
kofi ɗaya.