Mai Share Sunaye

A hawa na uku na wata kotu a Porto,
inda taga ke kallon jajayen rufi da tsuntsayen teku,
Graciete ta buɗe hukuncin jiya.
Shafi arba'in da ɗaya. Gahawarta ta huce.

Ita ba alƙali ba, ba lauya ba.
Aikinta tsince sunaye kafin takarda ta shiga duniya.
Mai ƙara ta koma AA,
wanda ake ƙara ya koma BB,
titi ya koma ɗigo uku.

Ƙarar wata tela ce daga Matosinhos.
Mai gidan haya ya kafa ido a saman matakala,
ido marar ƙiftawa,
wai don ɓarayi.
Wata goma sha huɗu yana lissafi:
wa ya hau, wa ya sauka, ƙarfe nawa,
ranar da likita ya zo,
daren da ta dawo riƙe da takalmanta tana kuka.
Alƙalai uku suka ce, ginin naka ne,
shigarta da fitarta ba naka ba ne.
Cire. Goge. Biya.

Gobe masana za su yi caa a kai.
Wani ya ce an tsaurara, mai dukiya ma da haƙƙinsa.
Wata ta ce ina, tarar ko kuɗin kyamarar ba ta kai ba.
Na uku ya cika shafi tara kan kalma guda,
yana juya ta kamar waina a tanda.
Dukansu AA za su kira ta,
kuma haka ya dace.

Amma Graciete ta san sunan.
Shekara goma sha tara tana wannan shara,
abin da ta share bai tafi ko'ina ba,
cikinta ya tare.
Dama ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

A shafi na ashirin da bakwai hannunta ya tsaya.
Wani shaida ya ce:
shagon nan mai koriyar ƙofa, daura da kasuwar kifi.
Ƙa'ida ta ce suna, adireshi, lambar waya.
Ƙa'ida ba ta san koriyar ƙofa ba.
Amma duk mai sayar da kifi ya san ta,
har yaran da ke wasan ƙwallo a lungun.
Me amfanin rufe fuska a bar murya?

Ta dubi ƙofar ofis. Shugaba ya fita cin abinci.
Ta ɗauke launin,
ta ɗauke kasuwar da ƙarninta,
ta bar shago kawai, tsirara kamar kowane shago.

Da yamma, a tashar jirgin ƙasa,
ta ƙirga idanu shida a silin, ta daina ƙirgawa.
Wayarta ta tambaye ta, kin yarda?
Burodi a hammata, lema a hannu,
ta danna na yarda da babban yatsa, ba ta karanta ba.

Aljihun rigar sanyinta ya yage tun watan jiya,
makulli na zurarewa cikin shafi.
Ta san mai hannun da zai gyara shi,
ta san tashar da za ta sauka, ta san launin ƙofar.

Jirgin ya tsaya a can. Ƙofofi suka buɗe.
Iskar teku ta shigo, ta taɓa kowa.
Graciete ta danne aljihun da tafin hannu
har ƙofofin suka rufe.